Alewar Spencer da Yaƙutun Maiman

Murhun maikrowef na gidanmu ya daina aiki ana tsakiyar azumin bara. Fitilarsa tana kamawa, farantin ciki yana juyawa, ƙararsa tana nan yadda aka saba, amma tuwon sahur yadda ya shiga haka yake fitowa, da sanyinsa. Na kai shi wajen wani mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwar unguwarmu. Ya kwance murfin, na miƙa hannu zan nuna masa wata waya da na ga kamar ta ƙone, sai ya kaɗe hannuna.

"Yallabai, a yi haƙuri, kada ka taɓa nan. Kafasita ce. Ko an zare wuta tana riƙe da abin da zai kai mutum lahira."

Sai da ya sauke mata wutar tukuna, sannan ya ciro wani ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu ba, mai fukafukan sanyaya, da maganaɗisu biyu masu siffar zobe, ɗaya ya tsage. "Ga mai laifin," in ji shi. "Magnetiron. Shi ne murhun, sauran duk akwati ne."

Bayan salla da 'yan makonni na raka gwaggona asibitin ido. Shekara uku ke nan da yi mata aikin yana, ta samu gani sarai, sai hazo ya fara dawowa. Mun je da shirin kwana, har da tabarma da fulas. Likita ya ɗiga mata magani, ya zaunar da ita gaban wata na'ura, ta ɗora haɓa, aka riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas. Minti biyar ba su cika ba ya ce an gama. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ina wuƙar?" Ya ce, "Hajiya, ba wuƙa, haske ne." Leza ce ta huda tantanin da ya yi hazo a bayan gilashin da aka sa mata a ido, ba jini, ba ɗinki.

Abubuwan nan biyu, na kicin da na asibiti, gidansu na asali iri ɗaya ne: kamfanonin Amurka masu cin abinci da kwangilar kayan yaƙi. Dafa abinci da igiyar rada daga Raytheon ya fito. Lezar farko da ta yi haske a duniya, kakar wadda aka yi wa gwaggo aiki da ita, daga Hughes Aircraft ta fito. Kowanne kuma yana da takarda a ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, mai lamba da kwanan wata da zane. Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: kai ka fayyace sirrinka a rubuce yadda duk ɗan sana'ar zai iya kwaikwaya, ita kuma hukuma ta hana kowa kasuwanci da shi na wasu shekaru sai da izininka. A zamanin da nake magana shekara 17 ne daga ranar da aka ba da takardar. Yanzu 20 ne daga ranar da aka shigar da buƙata. Sunan mutum ake rubutawa a sama, amma a irin waɗannan kamfanoni tun ranar ɗaukar aiki ma'aikaci yake sa hannu cewa duk abin da kansa ya haifar na kamfani ne. Tun daga watannin nan nake auna takardun biyu da mutanen da sunansu ke kai, ina son in san wanne ya fi nauyi a sikeli.

Percy Spencer, wanda sunansa ke kan takardar Raytheon, maraya ne. An haife shi a 1894 a wani ƙauye mai suna Howland a jihar Maine. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan wata 18, mahaifiyarsa ta bar shi a hannun dangi, wanda ya riƙe shi kuma ya rasu yana da shekara bakwai. Bai gama firamare ba. Yana ɗan shekara 12 ya fara aiki a masana'antar kwarkwaron zare. Yana 16 ya ji za a ja wutar lantarki a wata masana'antar takarda, ya shiga cikin masu aikin alhali ba wanda ya taɓa koya masa. Yana 18 ya shiga sojan ruwa, a can ya koyi aikin rediyo, yana bin littattafan lissafi da kimiyya shi kaɗai cikin dare idan yana gadi. A shekarun 1920 ya kama aiki a Raytheon, lokacin kamfanin ƙarami ne a jihar Massachusetts, yana ƙera ƙwayayen gilashin da rediyon wancan zamani ke aiki da su.

Wanda ya saba murɗa rediyo yana neman gajeren zango, mita 19 ko mita 25, zai fahimci damuwar da Birtaniya ta shiga a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Na'urar rada igiyar rediyo take harbawa, ta jira amsa-kuwwarta ta dawo daga jikin jirgi. Idan zangon dogo ne, mita 10 ko fiye, sai an kafa dogayen hasumiyoyi, kuma ƙaramin abu yana kuɓuce mata. Abin da ake nema shi ne zango na santimita 10, mai ƙarfi, daga na'urar da za ta shiga cikin jirgin sama. A watan Fabrairun 1940 wasu masana biyu a Jami'ar Birmingham, John Randall da Harry Boot, suka samo shi. Dunƙulen jan ƙarfe ne da aka huda masa rami a tsakiya, aka kewaye ramin da ƙananan ramuka shida ko takwas, kowanne da 'yar tsaga da ta haɗa shi da na tsakiya. Ana zafafa wata waya a tsakiyar, ƙwayoyin lantarki su tashi, maganaɗisu ya tilasta musu kewayawa suna wuce bakin ramukan. Yadda yaro yake hura bakin kwalba ta yi kuka, haka ramukan suke kuka, sai dai kukansu igiyar rediyo ce mai gajeren zango ƙwarai. A watan Satumba na shekarar, wata tawagar Birtaniya a ƙarƙashin Henry Tizard ta tsallaka teku da guda ɗaya a cikin akwatin ƙarfe, ta nuna wa Amurkawa, domin masana'antun Birtaniya suna shan ruwan bama-bamai.

Wahalar tana wajen sassaƙa shi. Kowane rami sai ya fita daidai da ɗan'uwansa, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya ɓata aikin, ga ƙwararrun masu injin sassaƙa ƙarfe yaƙi ya sa sun yi ƙaranci. Guda 17 ake iya fitarwa a rana. Spencer ya jujjuya abin a hannu ya ce a daina sassaƙa dunƙule. A samu fallayen jan ƙarfe marasa kauri, inji ya riƙa buga su yana fitar da siffar ramukan a bugu ɗaya, a jera su bisa juna da azurfar liƙi a tsakani, a tura su cikin tanda a kan bel, su fito sun haɗe sun zama dunƙule guda. Wanda ya san tsohon kwabo mai huji, ya taɓa jera goma a tafin hannu ya leƙa ta ramin, ya riga ya ga dabarar. Aikin da sai gwani ya koma aikin da sabon ɗauka zai iya. Adadi ya tashi zuwa 2,600 a rana, Raytheon kuma ya ƙera kusan kashi 80 cikin 100 na magnetiron ɗin da sojojin ƙawance suka yi yaƙi da su. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ba Spencer babbar lambar yabon da take ba farar hula.

A wurina wannan ita ce babbar ƙirƙirar Spencer, ko da yake ba ita ce ta sa aka san sunansa ba. Bai gano wata sabuwar doka ta kimiyya ba. Ya dubi abin da masana suka haifa, ya tambayi yadda za a yi dubu a maimakon goma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ta Kaduna ya ga yadda maƙeri yake duban injin da aka kawo daga waje yana lissafin ta inda zai rage masa wahala, ya san irin kan da nake nufi.

Maganar alewa ta zo daga baya. A 1945, yaƙi na gab da ƙarewa, yana tsaye kusa da wani magnetiron da ke aiki sai ya ji alewar aljihunsa ta narke. Ma'aikatan rada sun daɗe da sanin igiyar tana ɗumama jiki; shi ne dai ya aika a kawo masara. Ta fashe ta zama gugguru. Aka gwada ƙwai, ya tarwatse a fuskar wani abokin aiki da ya leƙa. Sai ya killace igiyar cikin akwatin ƙarfe don kada ta watse. Abin da ke faruwa a ciki shi ne igiyar tana juya fuska sama da sau biliyan biyu a daƙiƙa, ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci suna ta ƙoƙarin bin ta, wannan jujjuyawa ce take zama zafi. Ragar da ke jikin gilashin ƙofa kuma ramukanta sun yi wa zangon santimita 12 ƙanƙanta, shi ya sa kake ganin abincinka amma igiyar ba ta fito ta same ka.

Ranar 8 ga Oktoba 1945 Raytheon ya shigar da buƙata. Ranar 24 ga Janairu 1950 aka ba da takarda mai lamba 2,495,429, a kan hanyar sarrafa abinci. Murhun farko da aka kai kasuwa a 1947 da sunan Radarange ya kusa tsayin mutum, nauyinsa kimanin kilo 340, sai an ja masa famfo saboda ruwa ke sanyaya shi, kuɗinsa dubban daloli. Gidajen abinci da jiragen ruwa ne suka iya saye. Kamfanin da ya saba da janar-janar bai san yadda ake shiga zuciyar uwargida ba.

Theodore Maiman, wanda sunansa ke kan takardar Hughes, ta wata hanya ya biyo. An haife shi a 1927 a Los Angeles, ya tashi a Denver, mahaifinsa injiniyan lantarki ne mai ɗakin gwaje-gwaje a gida. Shi ma ya taɓa aikin sojan ruwa, amma daga nan jami'a ya nufa: Colorado, sannan Stanford, inda ya yi digirin digirgir a 1955 a hannun Willis Lamb, wanda ya samu kyautar Nobel a shekarar. Ya kama aiki a Hughes a 1956, kamfanin da ke ƙera rada da makamai masu linzami ga sojan sama.

Abin da ya sa a gaba ba wanda zai yi tuntuɓe da shi a aljihu. Tun 1917 Albert Einstein ya nuna a lissafi cewa ƙwayar zarra da ta ƙoshi da ƙarfi, idan haske ya gifta ta, za ta saki nata hasken ya bi na farko sak, launi ɗaya, taki ɗaya, fuska ɗaya. Hasken fitila kamar kasuwa ce ta watse, kowa ya kama gabansa. Wanda Einstein ya hango kamar faretin soja ne, ƙafa ɗaya ake ɗagawa, ƙafa ɗaya ake saukewa. Charles Townes ya tabbatar da haka da igiyar maikrowef a Jami'ar Columbia a 1954. A 1958 shi da Arthur Schawlow suka buga maƙalar da ta nuna za a iya da haske. Daga nan aka shiga tsere: Bell Labs, Columbia, IBM, Westinghouse, da wani kamfani mai suna TRG da ma'aikatar tsaro ta ba kusan dala miliyan ɗaya. Maiman kuwa kimanin dala 50,000 Hughes ya ware masa, da mataimaki, Irnee D'Haenens.

Ya zaɓi jan yaƙutu, irin wanda ake haɗawa a masana'anta. Manya a fagen sun riga sun yanke cewa yaƙutu ba zai yi ba, domin wani awo da aka buga ya nuna yana zubar da mafi yawan hasken da aka ba shi. Maiman bai karɓi awon a ka ba. Ya sake shi da hannunsa, ya tarar lissafin farko kuskure ne, yaƙutu yana mayar da mafi yawan abin da ya sha. Saura fitilar da za ta ƙosar da shi. Maimakon ya jira a ƙera masa ta musamman, ya bi littattafan tallan kamfanoni har ya samu fitilar walƙiya ta masu ɗaukar hoto, wadda aka naɗe kamar igiya. Ya sa guntun yaƙutun da bai kai tsawon ɗan yatsa ba a tsakiyarta, an goge bakinsa biyu sumul an shafe su da azurfa, an bar 'yar kafa a gefe ɗaya. Fitila ta yi walƙiya, ƙwayoyin kuromiyam da ke ba yaƙutu jansa su ƙoshi, haske ya riƙa kai da komo tsakanin maduban biyu yana tara 'yan'uwa, har ya fita ta kafar a miƙe. Ranar 16 ga Mayu 1960, a Malibu ta jihar Kalifoniya, abin ya yi. Duk na'urar tafin hannu ya ishe ta.

A nan na ga mutanen biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda takardun makarantarsu suka nuna. Wanda bai gama firamare ba da mai digiri uku, dukansu hannu suka gaskata. Ɗaya ya ƙi yarda cewa sai an sassaƙa, ɗaya ya ƙi yarda cewa yaƙutu ba zai yi ba, kowanne kuma da kayan da ke kusa ya yi aiki.

Bambancinsu yana wajen abin da suka haifa. Murhun Spencer ya zo da aikinsa a goshi: kowa yana cin abinci, kowa ya san amfanin zafi. Leza kuwa ta zo kamar maganin da ba a san cutarsa ba tukuna. Mujallar Physical Review Letters ta ƙi karɓar maƙalar Maiman. Hughes ya kira 'yan jarida a New York ranar 7 ga Yuli 1960, washegari wasu jaridu suka cika da labarin hasken kisa. Maƙalar ta fito a mujallar Nature ta Landan ranar 6 ga Agusta, kalmominta ba su wuce 300 ba. Mai ɗaukar hoton kamfani ma ya raina na'urar, ya sa Maiman ya tsaya da wata fitila mafi girma. Abokan tsere suka dubi hoton, suka gane irin fitilar, suka sayo, cikin 'yan makonni nasu lezojin suka kama. Sirrin ya fita tun kafin lauyoyin Hughes su shigar da buƙata, abin da ba su yi ba sai 13 ga Afrilu 1961. Dokar Amurka tana ba mai ƙirƙira sassaucin shekara guda bayan ya bayyana abinsa a fili. Ƙasashen Turai da yawa ba su san wannan sassauci ba: ka faɗa a bainar jama'a kafin ka yi rajista, ka rasa.

Akwai shekara guda da takardun biyu suka gamu a cikinta, ita ce kuma ta fi koya mini wani abu game da su. A 1965 Raytheon ya sayi Amana, kamfanin firiji na jihar Iowa, mutanen da suka san kicin da dillalai. A 1967 Amana ya fitar da Radarange ƙarami mai zama a kan tebur, kan dala 495, daga nan murhun ya fara shiga gidaje. To, lissafa shekara 17 daga Janairun 1950. Takardar Spencer ta ƙare a farkon 1967, daidai lokacin da abin ya fara kawo kuɗi na gaske. Ba a daɗe ba kamfanonin Japan irin su Sharp da Toshiba, waɗanda suka iya ƙera magnetiron mai araha, suka cika kasuwa, Koriya ta biyo baya, sannan Sin. A wannan shekara dai, ranar 14 ga Nuwamba 1967, aka ba da takardar Maiman mai lamba 3,353,115, bayan jiran fiye da shekara shida. Kafin ta iso, duniya ta yi gaba. Ali Javan, ɗan asalin Iran, ya kunna lezar iskar gas a Bell Labs a Disamban 1960. Robert Hall na General Electric ya yi ta cikin ƙanƙanin gutsuren lantarki a 1962. Kumar Patel, ɗan asalin Indiya, ya yi mai yanka ƙarfe a 1964. Maiman kansa ya bar Hughes tun 1961, ya kafa kamfaninsa, Korad, a shekara ta gaba. Takarda ɗaya ta mutu ana gab da girbi, ɗaya ta iso bayan an canza iri.

Su kansu mutanen fa? Spencer dala biyu aka ba shi a kan murhun, tukuicin da kamfanin ke ba kowane ma'aikaci a kan kowace takarda. Mai karatu zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma adalci ya sa in ƙara cewa Raytheon ya ɗaga shi har ya zama babban mataimakin shugaba, ya zauna a majalisar daraktoci, Jami'ar Massachusetts kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1970 da sunansa a kan takardu fiye da 100. Maiman ya fi shi jin ciwo. Kyautar Nobel ta 1964 a kan wannan fage ta tafi ga Townes da Rashawa biyu, Nikolai Basov da Aleksandr Prokhorov, waɗanda suka share hanya da lissafi. Wanda ya fara kunna hasken ba a kira shi ba, har ya bar duniya. Ya samu kyautar Wolf da ta Japan, amma bai ɓoye cewa an tauye shi ba, ni ma ina ganin an tauye shi.

Kada a ɗauka duk abin da aka ƙirƙira a inuwar soja yana fitowa haka. Gordon Gould, wanda ya raɗa wa leza suna a littafin rubutunsa a Nuwamban 1957, shi ne ya kai wa TRG tunanin da aka ba kuɗin nan a kansa. Da ma'aikatar tsaro ta mayar da aikin na sirri, sai aka hana shi izinin shiga, saboda ya taɓa zama da 'yan gurguzu a ƙuruciyarsa. Mutum ya koma bare a aikin da ya haifa. Ya shafe kimanin shekara 30 yana shari'a, bai samu babbar takardarsa ta farko ba sai 1977. Tun 1951 kuma Amurka tana da dokar da ta ba hukuma ikon kulle duk wata buƙatar rajista da ta ga tana taɓa tsaro, a hana mai ita bugawa ko sayarwa. Fiye da 5,000 suna kulle a yanzu. Murhu da leza suna cikin waɗanda suka samu ƙofa a buɗe. Sa'ar Maiman ita ce da kuɗin kamfani ya yi aikinsa, ba a ƙarƙashin kwangilar sirri ba.

Ba zan auna su in tsallake jini ba. Magnetiron ya taimaka wajen gano jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus a 1943, ya ceci dubban matuƙa. Shi ne kuma idon da jiragen ƙawance suka riƙa ganin biranen Jamus da shi cikin dare da gajimare, suka yi musu ruwan wuta, Hamburg na cikinsu. Leza ta shiga tankokin yaƙi tana auna nisa, Hughes na cikin masu ƙera ta. Ta zama jagorar bama-bamai: a 1972 da su aka karya gadar Thanh Hoa a Biyetnam, wadda ta gagari ɗaruruwan hare-hare. A wannan fuska ban ga wanda zai nuna wa wani yatsa ba, kuma bai kamata ɗumin tuwo ko hasken idon gwaggo su mantar da mu dalilin da ya sa aka zuba kuɗin tun farko ba. Kamfanonin ma ba su manta ba. A 1997 Raytheon ya sayar da Amana ya fita daga kicin, a shekarar kuma ya sayi sashen makamai na Hughes kan dala biliyan 9.5. Gidajen biyu sun zama ɗaya, a ƙarƙashin sunan RTX a yau.

Zuciyata tana wajen Spencer. Maraya ne da ya koya wa kansa, kuma dabararsa ta fallaye ita ce irin ilimin da ƙasashe masu son masana'antu suka fi buƙata, suka fi rainawa. Amma sikeli ba ya bin zuciya. Murhunsa abu ɗaya yake yi, abin da 'yan Adam suka iya tun da suka san wuta, sai dai ya gaggauta shi. A garuruwanmu ma sai inda wutar lantarki ta zauna yake da amfani. Sau nawa namu yake zama akwatin ajiye burodi saboda an ɗauke wuta, janareta kuma ba zai ja shi ba? Leza ta buɗe ayyukan da babu su kafin ita. A Disamban 1961 likitoci a New York suka ƙona wani ƙari a cikin idon majiyyaci da lezar yaƙutu. A 1969 aka harba ta ga madubin da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka ajiye a duniyar wata, aka auna nisan. A 1974 ta karanta zanen farashi a jikin kaya a wani kanti a jihar Ohio, a 1982 ta fara karanta faifan CD. Yau ita ke ɗauke da muryoyinmu: saƙon da ɗanka ya aiko daga Landan walƙiyar leza ce a cikin zaren gilashi a ƙarƙashin teku, irin wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tsakanin Fotugal da Legas. Matar da ba ta taɓa ganin murhun maikrowef ba a ƙauyen Maraɗi ko Azare, idan ta amsa kiran ɗanta daga Makka, leza ta yi mata aiki.

Don haka na ba yaƙutun Maiman rinjaye, da tazara mai yawa. Ya rasu a Vancouver ta Kanada ranar 5 ga Mayu 2007. Na'urarsa ta farko ba ta zauna a hannun Hughes ba, shi ya riƙe ta har ƙarshen ransa. A watan Mayun 2010, da ta cika shekara 50, aka fito da ita a wani taro a birnin, da yaƙutunta da fitilarta na asali, aka ba ta wuta, ta yi haske.